Maganar mahaifina ta fito daga bakina: me ake gada a jini, me ake koya?

'Yar Mai Agogo ta rubuta:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya tsaya mini a rai kusan wata guda ke nan, na rasa wanda zan faɗa wa a gida.

Mahaifina mai gyaran agogo ne, Allah ya jiƙansa. Shekara 43 ya yi a kan teburi ɗaya, ɗan gilashin nan maƙale a idonsa na dama, hantsaki a hannu. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Mutum ne mai gaskiya ƙwarai, mai shiru ƙwarai. Tun da nake, ban taɓa jin ya ce wa ɗayanmu ya yi ƙoƙari ba. Idan na kawo masa sakamakon jarrabawa na zo ta biyu, sai ya tura gilashin zuwa goshi, ya bi takardar da ido daga sama har ƙasa, ya ce, "Wa ya zo na ɗaya?" Shi ke nan. Ya mayar da gilashin ido ya ci gaba da aikinsa. Na sha shiga ɗaki in yi kuka, na kuma sha ɗaukar wa kaina alkawari cewa in Allah ya ba ni 'ya'ya ba zan taɓa yi musu haka ba.

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, babbar 'yata mai shekara 11 ta shigo da gudu, ko jakar makaranta ba ta sauke ba. Ina tsaye ina guga. Ta miƙo mini takarda tana haki, ta zo ta biyu a ajinsu. Na ajiye dutsen guga, na duba daga sama har ƙasa, sai kawai na ji bakina ya ce, "Wa ya zo na ɗaya?" Wallahi ban shirya faɗa ba. Har yadda yake jan "wa" ɗin, haka na ja shi. Fara'ar da ke fuskarta ta ɗauke, ta faɗi sunan yarinyar a hankali, ta karɓi takardar ta ninke gida huɗu ta sa a aljihu, ta shige ɗaki. Ni kuma jikina ya yi sanyi, na tsaya kamar an dasa ni, ban bi ta ba.

Na biyu, autana. Shekararsa 5. Yana da 3 kakansa ya rasu, kuma da yake muna nesa, ganin da ya yi masa bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Amma idan yaron nan ya duƙufa a kan wani ƙaramin abu, ko zura zare ne a allura, ko haɗa tayar motar wasansa, sai ya karkatar da kai hagu, ya runtse ido ɗaya, ya ɗan fito da harshe ta gefen baki. Baba sak, kamar ya yi kaki ya tofar. Ranar da mahaifiyata ta fara gani, tashi ta yi ta bar ɗakin.

Na uku kuma shi ne ya fi taɓa ni. Da muka je kwashe kayan aikinsa, mun tarar da littattafan bashi guda 7 a aljihun teburin na ƙasa. Kowane shafi da suna, da irin gyaran, da abin da ya rage ba a biya ba. Sunaye da yawa an ja musu layi da jan biro, a gefe an rubuta "na yafe" da kwanan wata. Na yi ta ƙirgawa har na gaji na bari. Babu ɗayanmu da ya san da wannan.

To ga tambayata. Cikin waɗannan, wanne ne jini, wanne ne koyo? In tsananin nan a jinina yake, ashe alkawarin da na ɗauka tun ina yarinya aikin banza ne? Abin da ba na so ya iso wurina ba tare da na nema ba, har yana neman wucewa kan 'yata. Abin da nake so kuwa, shi ya ɓoye a aljihun teburi. Ta yaya zan kai wa yarana jan biron nan, in tare musu waccan tambayar?

Malamin Kimiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa littattafan nan su zame masa haske. Ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, bari in faɗi abin da ya shafi ɓangarena.

Kowannenmu yana ɗauke da kromosom 46, wato zaren da ke riƙe da ƙwayoyin halittar da ake gada, 23 daga uwa, 23 daga uba. Rabinki na Baba ne. Autanki ya samu kimanin kashi ɗaya cikin huɗu daga gare shi, yana iya ɗarawa kaɗan ko ya gaza, domin ƙwayoyin halitta suna cakuɗewa a kowace haihuwa. Tattaɓa-kunne kuma kimanin ɗaya cikin takwas. Idan aka koma baya zuriya 10, mutum yana da gurbin kakanni 1,024, kuma da yawa daga cikinsu ba su bar masa komai a jiki ba sai suna a salsala. Jini yana saurin tsinkewa fiye da yadda muke zato.

Amma a kusa yana da ƙarfi. A shekarar 1979 wani masani mai suna Thomas Bouchard ya fara bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka a kan tagwaye 'yan ƙwai ɗaya da aka raba tun suna jarirai, kowa ya tashi a gida dabam. Da aka gwada su bayan sun girma, an tarar suna kama da juna a ɗabi'a da kaifin basira fiye da yadda aka yi tsammani, wasu har da yanayin zama da motsin hannu. Binciken tagwaye da aka yi ta yi bayan nan yana nuna cewa kusan rabin bambancin hali da ake gani tsakanin mutane, ko ƙasa da haka kaɗan, yana da alaƙa da gado. Saboda haka karkatar kan autanki bai ba ni mamaki ba. Sai dai ki lura ko ke ma kina yin haka ba ki sani ba, don yaro ya fi ganinki da kowa.

Amma babu ƙwayar halittar da ke ɗauke da jimla. "Wa ya zo na ɗaya" ba a jini take ba, a kunne ta shiga. Abin da mai yiwuwa kika gada shi ne tsantseni, idon da ke fara hango abin da ya rage kafin abin da ya cika. Kalmomin da idon zai yi magana da su kuwa koyo ne. A 1961 Albert Bandura ya yi wani gwaji a Jami'ar Stanford, inda aka bar ƙananan yara suka kalli babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba. Da aka bar su da ita, da yawa suka kwaikwayi dukan, har da kalmomin da babban ya furta. Ba wanda ya ce su yi. Ke kuwa sau nawa kika ga an miƙa takarda an yi wannan tambayar? Ranar da aka miƙo miki, hannunki na kan aiki, hankalinki a rabe, ƙwaƙwalwa ta jawo abin da ta fi sabawa da shi a irin wannan tsayuwa.

Kuma ba dole ba ne abin ya ci gaba. Ko a kan abin da ya fi naki muni nesa ba kusa ba, wato cin zarafin yara, wasu masana biyu na Jami'ar Yale, Kaufman da Zigler, sun duba binciken da aka yi suka ƙiyasta a 1987 cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka zalunta suna yara ne ke maimaita wa nasu 'ya'yan. Mafi yawa ba sa maimaitawa. Cikin abubuwan da ake yawan samu a wurin waɗanda suka tsira akwai tuna abin da ya faru sarai, da kiransa da sunansa. Ke kin ji maganar tun tana fita daga bakinki. Alkawarinki bai tashi a banza ba, shi ne ya sa kika ji.

Dattijo Mai Ritaya ya amsa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na haura 70, jikokina 14, kuma na karanta saƙonki sau biyu.

Malam ya yi bayanin jini, ni ta wajen littattafan zan shiga. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, masanin tarihi ne, ya yi magana a cikin littafinsa Muƙaddima cewa martabar gida galibi zuriya huɗu take yi. Na farko shi ne magini, ya san wahalar da ya sha da halayen da suka kai shi inda ya kai. Ɗansa ya zauna da shi, ya gani da idonsa, ya koya daga bakinsa, amma bai kai shi ba, kamar yadda mai jin labari ba ya kai wanda ya yi aikin. Jika kwaikwayo kawai yake yi, yana yin abu don haka aka tarar ana yi. Na huɗu sai ya ɗauka martabar hakkinsa ce saboda sunan gidan, ya manta cewa da hali aka gina ta, sai ya rushe.

Na ga haka a gidanmu. Kakana ba ya rufe ƙofa a kan baƙo. Mahaifina ya yi irin nasa, yana kuma ba mu labarin daren da kakan ya kwana a bakin hanya da zazzaɓi, babu wanda ya buɗe masa. Ni na ci gaba da karɓar baƙi, amma ban taɓa zaunar da 'ya'yana na ba su labarin daren nan ba, na ɗauka gani ya isa. Kwanaki na ji wani jikana yana cika baki wai gidanmu gidan karamci ne, alhali abokin karatunsa ya zo nemansa ya bar shi a tsaye a waje. Laifina ne. Na miƙa musu aikin, na riƙe dalilin.

Ke ce ta biyu, 'yata. Ke kika zauna da maginin. Abin da ya ɓoye don gudun riya, shi a wurinsa ibada ce, amma yanzu ya tafi, ladansa ya tabbata in sha Allahu, kuma babu laifi jikokinsa su gani. Kada ki ce musu kakanku mutumin kirki ne, wannan kowa ma haka ake cewa da kakansa. Ki buɗe shafin su ga jan layin.

Kuma ki yi wa mahaifinki adalci. Mutumin da ya shekara 43 a sana'ar da minti ɗaya ma kuskure ne, ba abin mamaki ba ne ya auna takardar 'yarsa da wannan ma'auni. Ni a ganina idon da ya ce "wa ya zo na ɗaya" shi ne dai idon da bai yarda ya ci kwabon wani ba. Mahaifiyarki na da rai, ki je ki tambaye ta yadda shi aka rene shi. Irin wannan tambaya ba a jinkirta ta.

Kafinta Ɗan Likita ya amsa:

Anti, ni yaron nake tausayi. Baba Dattijo ya yi mini afuwa, amma gado yana da nauyi, kuma wanda aka ɗora wa ne ya san shi.

Kakana likita ne, mahaifina likita ne. Tun ina firamare ake kirana ƙaramin likita saboda na yi kama da kakan. Kullum "kyan ɗa ya gaji ubansa". Na yi shekara biyu a karatun likitanci ina zama kamar fursuna, na bari na koma aikin katako da nake so tun ina yaro. Shekara uku mahaifina ba ya amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya.

Dubi gidan masaniyar kimiyya Marie Curie. Ta samu kyautar Nobel a 1903 tare da mijinta Pierre, ta sake samu ita kaɗai a 1911. Babbar 'yarta Irène ta bi sahunta, ta yi aiki da ita a kan na'urar hoton ƙashi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ita ma ta samu Nobel a 1935 tare da nata mijin. Ƙanwarta Ève kuwa kiɗan piyano ta yi, sannan rubutu da aikin jarida. Ciki ɗaya, gida ɗaya. Ba wanda zai ce Ève ba 'yar gidan ba ce.

Don Allah kada a riƙa ce wa autanki shi ne Baba ya dawo. Ku bar shi ya karkatar da kansa a kan abin da ya ga dama. Ni ma sai da na fara aikin katako na gane na gaji hannun kakana, ba ya rawa, kuma ba na iya barin aiki rabi. Asibitin ne kawai ban gada ba.

Goggon Yara ta amsa:

Ƙanwata, ni ban san mahaifiyata ba, ina da shekara 4 ta rasu. Matar babana ce ta rene ni. Babu ɗigon jininta a jikina, amma duk wanda ya san ta, in ya ji dariyata ta bayan katanga sai ya ce ita ce. Yadda nake ninke kaya, yadda nake shiru in raina ya ɓaci har sai na huce, duk nata ne.

Abu ɗaya zan ba ki labari. Ina aji biyar ɗan kunnenta ya ɓace, ta ce ni na ɗauka, ta yi mini faɗa mai zafi a gaban ƙannena. Na kwanta ban ci komai ba. Can cikin dare na ji an dafa ƙafata. Ita ce, da fitila a hannu ɗaya, ɗan kunnen a ɗaya hannun, ashe cikin zaninta ya maƙale. Ta zauna a bakin shimfiɗata ta ce, "Na zalunce ki, ki yafe mini." Da safe kuma ta maimaita a gaban ƙannen nawa, tunda a gabansu ta yi faɗan. Yau fiye da shekara 40 ke nan. Zafin faɗan ya tafi tuntuni, hannun nan a kan ƙafata kuwa har yanzu ina jin sa. 'Ya'yana sun san ina ba da haƙuri in na yi kuskure, kuma na ga babban yana yi wa nasa ɗan.

Kin ce wata guda ke nan. Ya yi yawa. Kina can kina neman sanin ko jini ne ko koyo, yarinya tana nan da takarda a ninke. Ki je ɗakinta yau. Kada ki fara da labarin kakanta, kada ta ɗauka hanzari kike kawowa. Ki ce kin yi kuskure, ki ce ta kawo takardar ki gani da kyau.

'Yar Mai Agogo ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Yaya, maganarki ta yi mini zafi don gaskiya ce. A daren na je. Na zauna a bakin gadonta na ce na yi kuskure ranar nan, ta yi ƙoƙari sosai, ni ce ban faɗa ba. Ta ce "ba komai, Mama" tana kallon bango. Na ce ta kawo takardar, ta ce ba ta san inda ta ajiye ba. Ban matsa ba. Sai bayan kwana biyu na tarar da ita a kan teburin guga, an miƙar da ita amma sawun ninkin yana nan. Ta ci 91 a lissafi. Ranar farko ko ganin wannan ban yi ba.

Ƙanena Kafinta, na ji. Na gaya wa mijina mu daina maganar kamannin a gaban yaron. Malam, ka canka daidai, mijina ya ce ni ma haka nake karkatar da kai in ina yanke wa yara farce.

Baba Dattijo, na kira mahaifiyata kamar yadda ka ce. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya katse. Sannan ta ce kakana, wanda ban taɓa gani ba, da bel yake karɓar sakamakon jarrabawa. In ba na ɗaya ka zo ba, sai ka kwanta. Ta ce akwai tabo a bayan Baba da bai taɓa bari mu gani ba, shi ya sa ko a gida ba ya zama babu riga. Ta ce a daren da aka haifi yayanmu ya rantse mata ba zai taɓa ɗaga hannu a kan ɗansa ba. Na zauna na bi shekarun ɗaya bayan ɗaya, mu shida, ban tuna ranar da ya taɓa ko ɗayanmu ba. Ashe shi ma alkawari ya ɗauka, kuma ya cika. Tambayar nan da na yi shekaru ina jin ciwonta, ita ce abin da ya rage bayan ya ajiye bel ɗin. Na yi kuka a daren nan irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwarsa.

Jiya na ɗauko littafi na uku na ba 'yata. Ban ce komai ba sai cewa na kakanta ne. Ta yi ta bin jan layin da yatsa tana karanta kwanan wata. Ta lura da abin da ni ban lura ba: akwai wani da ba a rubuta sunansa ba, "mai keke" kawai aka sa, kuma an yafe masa sau biyar a cikin shekara biyu. Ta tambaye ni wane ne, da me ya sa agogonsa ke ta lalacewa. Na ce ban san shi ba. Ta ce to mu tambayi Kaka. Ƙarshen makon nan za mu je, ta riga ta sa littafin a jakarta.